SAYEN GIDA DA ZANCEN MAKARANTAR YARA

Darasi domin Hakimai da Malamansu a ƙasar Rano da Kibiya

Idan magidanci zai sayi gida a Fassi, ko a Tarai, ko a cikin garin Rano, akwai abubuwan da ba ya mantawa da su. Ya kan duba gini ko na ƙasa ne ko na bulo, ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta ci ta, ya leƙa rijiya, ya tambayi inda ruwan sama ya ke bi, ya kuma bincika halin maƙwabta. Sa'an nan a yi ciniki, a kira shaidu, a je gaban mai unguwa da dagaci, takarda ta iso ofishin hakimi a buga mata hatimi. A cikin dukan wannan hidima da wuya a ji wanda ya ce, "Yaran gidan nan wace makaranta za su shiga, kuma ta wace hanya za su bi?" Ba a kan yi wannan tambaya ba sai bayan an tare, damina ta sauka, yaro ya fara kwana biyu uku bai je aji ba.

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, gama ta hannunsu takardun ciniki su ke biyowa, su ne kuma a ke kai wa ƙara ran da aka ga yaran wata unguwa sun daina zuwa makaranta.

YADDA A KE YI A WAƊANSU ƘASASHE

A Amurka yawancin makarantun gwamnati kowace tana da yankinta, an shata shi a kan taswira. Inda gidan mutum ya ke, nan ne ya nuna makarantar da ɗansa zai shiga. Babban rabo na kuɗin da a ke tafiyar da makarantun nan kuwa daga harajin gidajen wurin ya ke fitowa, saboda haka unguwar da gidajenta su ke da tsada ita ta fi samun abin kashewa. Gida biyu masu kama ɗaya, titi ne kurum ya raba su, sai ɗaya ya fi ɗaya tsada ƙwarai don ya faɗa cikin yankin makarantar da ta yi suna. Ba su ɗauki al'amarin da wasa ba: cikin 2011 an ɗaure wata mata 'yan kwanaki a Jihar Ohayo saboda ta rubuta 'ya'yanta a kan gidan mahaifinta, domin su sami shiga makarantar da ba ta yankinta ba. A Ingila ma, idan masu nema sun fi wuri yawa, sau da yawa a kan auna nisan gida da ƙofar makaranta, wanda ya fi kusa ya samu.

A Jihar Kano babu irin wannan shata. Kuɗin malamai da na gini ba daga harajin gidajen unguwa ya ke fitowa ba, daga asusun gwamnati ne, ta hannun Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta Jiha da Hukumar Ilmi ta kowace ƙaramar hukuma. Ba a kuma saba korar yaro daga makarantar firamare ta gwamnati don gidansu yana wata unguwa ba. Wanda ya ji haka sai ya ce, ashe a nan babu zancen yankin makaranta, mutum ya sayi gida inda ya ga dama. Wannan kuskure ne, kuma saboda shi aka rubuta darasin nan.

IYAKAR DA BA A RUBUTA BA

Kowace makaranta a ƙasar Rano da Kibiya tana da iyaka, sai dai ba alƙalami ya shata ta ba. Ƙafar yaro ɗan shekara shida ita ta shata ta. Inda wannan ƙafa za ta iya kaiwa da safe, ta komo da rana, kullum, rani da damina, nan ne yankin makaranta ya tsaya. Bayan wurin, ko da sunan yaro yana cikin rajista, makarantar ba tasa ba ce.

Babba ya kan raina nisa domin da tasa ƙafa ya ke aunawa, ko kuwa da babur. Kilomita 3, watau mil biyu ba kaɗan, a wurin magidanci ba kome ba ne. Ɗan aji ɗaya kuwa zai ci kusan awa guda yana tafe, in bai tsaya jifar ƙadangare ba. Zuwa da komowa kilomita 6 ke nan a rana, 30 a mako mai kwana biyar na karatu, galibi da ɗan kokon da ya sha da asuba kaɗai a cikinsa. Ya kan iso an riga an shiga aji, ya sha bulala ko faɗa, gobe ya tsaya a gindin mangwaro har a tashi. Iyaye suna gida suna tsammani yana karatu.

Iyakar nan kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana matsawa da lokacin shekara. Da rani ta kan buɗe. Zangon karatu na uku, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuli, ya haɗu da shuka da noman farko. Zango na fari kuma yana somawa cikin Satumba, ƙorama ba ta riga ta janye ba, dawa da gero sun rufe hanyar ƙafa har babba ba ya hango ƙarami a ciki. Ƙoramar da a ke tsallakewa da taki ɗaya cikin Maris, cikin Agusta da Satumba babu uwar da za ta yarda ɗanta ya shige ta. Da hunturu kuwa sanyin Disamba da Janairu ya kan hana na nesa fitowa da wuri. Ga kuma hanyar mota: gidan da ke kallon makaranta, amma sai an ƙetare kwalta inda motoci ke gudu, a lissafin ƙaramin yaro ya fi nisa da wanda ke bayan gari ta lungu.

'Yan mata su ne iyakar ta fi ƙuntata wa. Nisan da uba zai yarda ɗa namiji ya bi shi kaɗai, ba zai yarda 'ya mace ta bi ba, balle ta fara girma. Ba a ga laifinsa ba. Amma sakamakon shi ne, gidan da ke bakin iyaka ya kan ba da maza ga makaranta ya riƙe mata.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFI HAKIMI

Tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, Kano, cikin 1909, hannun sarakuna bai fita daga sha'anin makaranta ba. A zamanin En'e makarantun elementare kaɗan ne, galibi a garin hakimi su ke, ajinsu huɗu. Hakimi a ke aika wa ya kawo yara, shi kuma ya raba wa dagatai, mutane suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu da gona. A lokacin nisa bai dami kowa ba, domin yaron da aka ɗauko daga ƙauye a kan ajiye shi a gidan hakimi ko na wani babba a cikin gari.

Abin ya juya cikin Satumba 1976, sa'ad da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda jama'a suka sani da UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a dukan Nijeriya, sai ga kusan miliyan 3 sun zo. Daga nan makaranta ta bar garin hakimi ta shiga ƙauyuka. Ran 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin Ilmin Bai-Ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta fito cikin 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Uban da ya ƙi sa ɗansa, karo na fari a tsawata masa. Na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyu. In ya sake, Naira 5,000 ko wata biyu, ko duka biyu. Jihar Kano ta yi shelar nata ilmin kyauta na tilas cikin 2019, cikin Yuni 2024 kuma Gwamna ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Doka ta ɗora wa uba tilas, amma ba ta rage masa nisan hanya ko taki ɗaya ba. Mutumin da ya sayi gida inda ɗansa ba zai iya kaiwa makaranta ba, ya sayi saɓa wa doka tare da gidan, bai sani ba. Ran da aka zo neman dalili kuwa, dagaci da hakimi za a fara tambaya.

MISALIN GIDA BIYU

A ce wani magidanci mai 'ya'ya huɗu, babbarsu mace 'yar shekara tara, yana neman gida a ƙasar Fassi, an nuna masa biyu. Na fari yana cikin gari, ƙarami ne, ba shi da fili, kuɗinsa da yawa, amma daga zaure ana jin ƙararrawar makaranta. Na biyu yana can wata unguwa a gefen gonaki, da faɗi, da garke, ga gona a bayan danga, kuɗinsa bai kai na farin ba ko kusa. Kowa ya gani zai ce na biyu ne riba, manomi kuwa yana da hujja mai ƙarfi in ya so kusa da gonarsa da wurin ɗaure dabbobinsa. Ba a ce ya bar wannan hujja ba. Abin da a ke so ya sa makaranta a cikin ma'auni kafin ya biya.

Hanyar aunawa mai sauƙi ce, ba ta cin ko kwabo. Ya kama hannun ƙaramin ɗansa da safe, su taka daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makaranta, da tafiyar yaron, ya duba agogo. In da hali ya yi wannan da damina. In ciniki ba zai jira ba, ya tambayi matan unguwar kwana nawa ruwa ya kan tsare hanya, gama su suka fi sani. Sa'an nan ya lissafa abin da nisa zai ci masa cikin shekara shida ga kowane yaro: ko keke, ko kuɗin mai na babur safe da rana, ko ajiye yara a gidan dangi a cikin gari da abincinsu. Sau da yawa in an tara wannan a kan ga rangwamen da aka samu a kuɗin gida ya ƙare tun babbar ba ta gama aji shida ba. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wani abu da mutanen bakin iyaka za su lura da shi. Unguwa tana iya zama a ƙasar Kibiya, amma makarantar da ta fi kusa da ita ta Rano ce, ko kuwa a juye. Masarauta ɗaya ce, gama dokar Yuli 2024 ta haɗa Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashin Sarkin Rano, amma Hukumar Ilmi kowace ƙaramar hukuma da tata, da Sakataren Ilminta. Yaro zai shiga ba wanda zai hana shi. Sai dai ran da rufi ya yaye ko malami ya daina zuwa, uban zai tarar ofishin da zai kai kuka ba na ƙaramar hukumarsa ba ne, dagacinsa kuma ba shi da baki a can sai ta hanyar hakimai biyu.

ABIN DA ZA A DUBA A CIKIN MAKARANTA

Kusa ba ita ce ke nan ba. Makaranta tana iya zama a ƙofar gida amma babu karatu a cikinta, har gara wadda ta ɗan fi nisa. Mai gwada makarantu biyu kada ya tsaya ga fenti da allon suna. Gani ya kori ji: ya je da kansa, ba da sanarwa ba, kuma kada ya zaɓi ranar da a ke jiran baƙi. Ranar kasuwa ta fi kowace rana faɗin gaskiya.

Farko ya ƙidaya malaman da ke tsaye a cikin aji, ya gwada da waɗanda sunansu ke bango a ofishin babban malami. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ta kuma sa takardar NCE ta zama mafi ƙanƙantar shaidar malanta. Makarantu da yawa ba su kai ga wannan ba, amma shi ne ma'aunin da Gwamnati ta ajiye da kanta, ba laifi ba ne uba ya auna da shi. Ya kamata ya tambaya ko malaman a garin su ke kwana. Malamin da ke zuwa daga nesa a kan babur, shi ma ƙorama tana tsare shi kamar yadda ta ke tsare yara.

Sa'an nan ya leƙa aji ɗaya, ya leƙa aji shida. In aji ɗaya ya cika har ƙofa, aji shida kuwa 'yan tsiraru ne, makarantar tana zubar da yara a hanya, sai a nemi dalili. Ya ƙidaya 'yan matan aji shida musamman. Gwajin da ya fi duka kuwa ba a makaranta a ke yinsa ba. A sami ɗan aji huɗu na unguwar a ƙofar gida, a miƙa masa wasiƙar Hausa ya karanta, a ce ya lissafa canjin mudu uku na masara. Yaron da ya shekara huɗu yana zuwa bai iya wannan ba, ba shi kaɗai ya faɗi ba, makarantarsa ce ta faɗi. Kada a yanke hukunci da yaro ɗaya, a gwada uku ko huɗu.

Ruwan sha da makewayi ba ƙananan abubuwa ba ne. Inda babu makewayi mai ƙofa, 'yan mata manya su kan daina zuwa ba tare da sun faɗi dalili ba. A duba rufi, a duba ko a ƙasa a ke zama. A tambayi kuma inda ƙaramar sakandare ta ke, domin tilas ɗin doka shekara tara ne, gida kuwa ba don shekara shida a ke sayensa ba. Haka nan a lura da makarantar allo da Islamiyya. Yaron da ya taso daga boko wajen azahar, ya yi tafiyar awa guda, da ƙyar zai ci abinci ya kai karatun la'asar, ƙarshenta uba ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, alhali da gida yana kusa da ya sami duka biyu.

FILIN MAKARANTA DA TAKARDAR CINIKI

Son kusa da makaranta shi ma yana da tarkonsa. Makarantun ƙauye da yawa ba su da katanga, filinsu kuwa kyauta aka ba da shi tun zamanin iyaye, ba a kafa duwatsun iyaka ba. Gari yana girma, sai a riƙa gutsurar filin wasa ana sayarwa fuloti fuloti. Mai saye yana murna ya sami wuri a jikin makaranta, bai san a cikinta ya ke ba, sai ran da aka zo gina sabon aji ko jan katanga.

A nan dole malamin hakimi ya san matsayin takardar da ya ke rubutawa. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun Gwamna. A wuraren da aka ayyana birni, Gwamna ke ba da iznin zama. A sauran ƙasa ƙaramar hukuma ke ba da iznin zama na gargajiya, kuma ana bukatar yardarta kafin a mayar da shi ga wani. Hatimin hakimi shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane, kuma wurin ba shi da rigima a sanin masu gari. Saboda haka nauyinsa ya ke da girma. Duk fili ko gidan da ya yi iyaka da makaranta, kada a buga masa hatimi sai babban malami da shugaban kwamitin makaranta sun tsaya tare da dagaci an nuna iyaka, an rubuta sunayensu cikin shaidu. Jinkirin kwana biyu ya fi rushe gini.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Hakimi ba shi da ikon hana mutum sayen gidan da ya ke so, ba kuma aikinsa ba ne ya hukunta malamin makaranta; abin da ya gani na kasawa sai ya rubuta wa Sakataren Ilmi. Abin da ke hannunsa nasiha ce da ajiye labari. Nasihar kalma biyu ce a lokacin da mai saye ya zo da takarda: yara nawa gare shi, wace makaranta za su, ya taka hanyar ko bai taka ba. Baƙo da ya taso daga wani gari, ko ma'aikacin da aka yi wa canji, shi ya fi bukatar wannan, don bai taɓa ganin damina a wurin ba.

Ajiye labari kuwa tsohuwar sana'ar malaman hakimai ce. A zamanin haraji da jangali babu gidan da ba ya cikin littafinsu. Tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano cikin 1979, talaka ya huta, amma ƙidayar gida gida ta kowace shekara ta tafi tare da su. Zai kyautu kowane ofishin hakimi ya buɗe littafi guda, kowane dagaci da shafinsa. A rubuta sunan unguwa, da makarantar da ta fi kusa, da mintin da ƙaramin yaro ke ci kafin ya isa, da abin da ke kan hanya, ko ƙorama ko kwalta ko dutse, da watannin da hanya ke yankewa, da yawan yara maza da mata daga shekara shida zuwa goma sha ɗaya. Masu unguwa sun san wannan da ka, rubutawa kaɗai ta rage.

Amfaninsa biyu ne. Mai neman gida zai sami amsa a zaune, ba sai ya dogara ga bakin dillali ba. Ran da kuma mutanen wata unguwa suka zo suna roƙon a buɗe masu aji, ko a sa kwalbati a ƙoramarsu, hakimi zai aika wa Hukumar Ilmi da ƙaramar hukuma takarda mai lissafi: yara kaza, nisa kaza, wata kaza ba sa zuwa. Irin wannan takarda ta fi wuyar ajiyewa a ƙasan tebur bisa ga wadda ta ce kurum jama'a suna cikin wahala.

Waɗanda suka riga suka zauna nesa kuwa, kafin a sami aji ko kwalbati, mai unguwa yana iya tsara yaran su riƙa fita tare a ƙungiya, manya suna riƙe da ƙanana, da wani babba da zai tsaya a bakin ruwa safe da rana cikin watannin da ƙorama ke cika, iyaye suna karɓa-karɓa. A sabunta littafin sau biyu a shekara: cikin Agusta, kafin ɗaukar sababbin yara, sa'ad da ruwa ya ke kan ganiyarsa a ga hanya yadda ta ke, da kuma bayan kaka, lokacin da kuɗi ke shiga hannu cinikin gidaje ya yawaita.